Na-Baya Ya Yi Gaba



A wannan fitowa mun roƙi a ara mana shafin iyali domin mu yi maganar wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya. Mai gyaran keken ɗinki ne da injin niƙa a birnin Maraɗi, kuma abokin tafiyarmu ne a kan babur fiye da shekara ashirin. Iyalinsa sun fi son a sakaya sunansa na yanka, mun kuwa girmama wannan buƙata tasu. Za mu kira shi da laƙabin da mu muka sa masa, wanda ya bi shi har ƙauyukan da ba su taɓa sanin ainihin sunansa ba, wato Na-Baya. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa.

Mu shida ne, unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya: malamin makaranta, da tela, da ƴan kasuwa biyu, da wani tsohon ma'aikacin lafiya, sai shi. Yanzu mu biyar muka rage, mu ne kuma muka zauna muka tsara wannan rubutu. Kowa ya kawo abin da ya tuna, inda muka saɓa sai muka riƙe abin da aƙalla mutum biyu suka shaida.

Asalin laƙabin

Yaran yau ba za su gane irin darajar da babur yake da ita a da ba. Kafin shekarun 2000, in ka ga mutum a kan Yamaha a Maraɗi, to ko ma'aikacin gwamnati ne, ko jami'in wani shirin raya karkara, ko ɗan babban gida. Talaka keke gare shi, in kuwa tafiya ta yi nisa sai ya je tasha ya zauna jiran mota ta cika, wani lokaci tun hantsi har azahar. Da baburan ƙasar Sin suka fara shigowa da araha, irin su Kasea da Jincheng, sai al'amari ya sauya cikin ƴan shekaru kaɗan. A lokacin ne mu ma muka saya, ɗaya bayan ɗaya, wani da kuɗin adashi, wani da kuɗin wake bayan kaka. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Marigayi yakan ce ai yanzu ƙafar ta samu taya, babu sauran uzuri. Muka ɗaura wa kanmu al'ada: duk ranar Lahadin da aka samu dalili a dangin ɗayanmu, ta'aziyya ce ko suna ko ɗaurin aure ko duba marar lafiya, tare za mu tafi.

Tafiyarmu ta uku ko ta huɗu, ta'aziyya ce a wani ƙauye gaba da Mayahi. Sabon shiga ba ya rasa zumuɗi, kowa yana son ya nuna nasa ya fi gudu. Sai da muka isa muka sauka, aka kawo mana ruwa muka sha, sannan mai gidan ya ce, "Ina tela? Ba kun ce tare kuke ba?" Muka dubi juna. Ashe tayarsa ta baya ta fashe tun can nesa, ya yi ta ɗaga hannu yana kira, babu wanda ya waiwaya. Ya tura babur cikin rairayi a tsakiyar bazara har ƙafafunsa suka yi bororo. Marigayi ne ya juya ya koma ya same shi, ya yi masa faci a inuwar wani gawo, suka iso bayan an shafa fatiha an watse.

A daren nan, a ƙofar masallaci bayan isha'i, ya ce mana: "Daga yau ni ne ƙarshe. Mai riƙe da sifana da famfo ba shi da aiki a gaba, tunda wanda ya samu matsala a baya ake barinsa." Muka yi dariya, mun ɗauka zafin abin da ya faru ne, gobe zai manta. Shekara ashirin da ɗoriya bai saɓa ba.

Wanda bai taɓa tafiya cikin ayarin babura a hanyar ƙauye ba, ba zai san nauyin wannan alkawari ba. Na ƙarshe shi ne mai shaƙar ƙurar kowa. Mu mukan isa da rigunanmu fes, shi kuwa ya iso kamar wanda aka tono daga rami, sai ya wanke fuska kafin a gane shi. Kafin ya zauna an cinye naman da ke kan tuwo. Sau da yawa an ɗaura aure yana can bakin hanya a durƙushe, yana mayar da sarƙar wani. Kuma ba mu kaɗai yake tsaya wa ba: duk wanda ya gani yana tura babur ko keke, ya san shi ko bai san shi ba, sai ya taka birki. Mun sha yi masa ƙorafi cewa yana ɓata mana lokaci. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ku je, ina nan tafe."

Akwai wata tsohuwar jakar tamfol da yake ɗaurewa a bayan babur da igiyar roba. Bayan rasuwarsa mun buɗe ta a gaban iyalinsa, muka tarar da fulogi biyu, da faci da gam, da famfo, da sifanu, da guntayen waya, da tocila, da kwalbar fetur, da ƙullin dabino, da alluran keken ɗinki a cikin kwalin ashana. Babu ɗaya daga cikinmu da bai taɓa kwana a gidansa ba albarkacin abin da ke cikin wannan jaka, a ranar da ya kamata ya kwana a daji.

Daga gare shi muka koyi tuƙi na gaskiya. Shi ya nuna mana cewa in za a shiga rairayi mai zurfi sai a rage wa taya iska kaɗan, a sa giya ta biyu, a rabu da birkin gaba, kuma mutum ya daina kallon ƙasan taya, ya kalli inda yake son zuwa. Ya san ƙauyen da ake samun fetur marar gauraye, da rijiyar da ruwanta ba shi da kanwa, da gidan da karnukansa ke bin babur. Wuri ɗaya ne kawai yake wucewa gaba: da damina, in muka iso Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba muka tarar ruwa ya kawo, dole mu kashe injin mu jira shi. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga da sanda ya auna zurfi da ƙarfin ruwan, sannan ya yafito mu ɗaya bayan ɗaya. In mun haye, ya koma matsayinsa.

Ba ya barin a tayar da injin sai an karanta addu'ar hawa, wadda asalinta yake cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14. Shi ne kuma ya tuna mana hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da naɗa shugaba in mutum uku suka fita tafiya, amma duk lokacin da muka ce to shi muka naɗa, sai ya ƙi, ya ce shugaba gaba yake kallo. Muna da wata tsohuwar gardama da ba ta taɓa ƙarewa ba. Malamanmu na Malikiyya sun ƙiyasta tafiyar ƙasaru da abin da ya kai kimanin kilomita 80 a ma'aunin yau, garin Agye kuwa yana nan daf da wannan iyaka. Duk ranar da tafiyarmu ta tsaya a wajen Agye, malamin makaranta ya ce ta kai, ƴan kasuwa su ce ba ta kai ba, marigayi kuwa ya ce a tambayi mitar baburinsa, alhali kowa ya san ta mutu tun shekarar da ya saye shi.

Shekarar da injuna suka yi shiru

In aka tambaye mu lokacin da muka san wane ne shi, za mu ce 2005. A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a wurare da yawa, farin dango kuma ya sauka a wasu yankunan ya cinye abin da ya saura. Mu mutanen birni mun ji labari a rediyo, mun ga kuɗin tiya yana hawa a kasuwa, amma ba mu san zurfin ramin ba. Shi ya fara gaya mana, kuma ta hanyar da ba za mu manta ba. Ya ce wata biyu ke nan babu ƙauyen da ya aiko a kira shi gyaran injin niƙa. Muka ce ai alheri ne, injuna sun yi lafiya. Ya girgiza kai ya ce, "Injin da ba ya niƙa ba ya lalacewa. Babu hatsi a ƙauyukan nan."

Muka bi shi muka gani da idonmu: rumbuna a buɗe babu komai, mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki domin ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Abin da muka iya kaɗan ne. Mukan haɗa kuɗi mu sayi gero, kowa ya ɗaura abin da baburinsa zai ɗauka. A shekarar ne ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ta karɓi dubban yara masu tamowa a cibiyoyinta na jihar Maraɗi, to amma uwa tana ƙauye mai nisa, ba ta da kuɗin mota, ta yaya za ta kawo ɗanta? Na-Baya yakan tafi da gero ya dawo da uwa da goyonta, wani lokaci sawu biyu a yini.

Akwai ranar da bai dawo ba sai washegari, kuma bai faɗi dalili ba. Sai bayan shekaru ya gaya wa abokinmu ma'aikacin lafiya. Ya ɗauko wata mata da ɗanta a baya, yana ta sauri, sun kusa Tibiri sai ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Malam, rage gudu. Saurin ya ƙare." Ya tsaya, suka kwance goyon suka duba. Daga nan ya juya ya mayar da ita ƙauyensu a hankali, ya kwana can, da safe aka haƙa kabarin da shi.

Hanya ta sauya

Shekaru sun wuce, hanya ta yi ta sauya fuska. An buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, amma mafi yawanmu wurin ƴan ruwa-ruwa muka ci gaba da saye, domin na kwalba da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya fi araha. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta janye tallafin mai a Mayun 2023, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mun ji shi a aljihunmu. Wanda ya fi ciwo shi ne yadda babur ya koma abin tsoro. Tun daga 2019 ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka riƙa kwararowa yankin Gidan Rumji, ƴan bindiga kuma suka riƙa tsallakowa a kan babura suna satar shanu da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, har da yankin Madarumfa. A Diffa an hana hawan babur a 2015, a wasu sassan Tillaberi kuma a 2020. Ƙauyukan da yara ke rugowa da gudu in sun ji ƙarar injinmu, sai muka ga mata suna jan ƴaƴansu cikin gida. Wannan ya dami marigayi ƙwarai, har ya ɗauki al'adar kashe injin tun daga nesa, ya tura babur da ƙafa yana sallama da ƙarfi.

Saboda wannan hali muka kafa wa kanmu doka: duk inda muka je, magariba ta same mu a cikin gari. Doka ce mai kyau. Ita ce kuma ta sa mu sauri a ranar da za mu ba ku labari.

Tsakanin Gazawa da Agye

A hunturun da ya biyo bayan buɗe iyakar ne. Mun je ɗaurin auren ɗan wan ɗayanmu a wani ƙauye arewa da Gazawa. Abinci ya yi jinkiri, sannan aka roƙi marigayi ya duba injin niƙan garin, bai kuwa iya cewa a'a ba. Ba mu taso ba sai bayan la'asar sosai. Hazo ya sauka, irin wanda mutum ke kallon rana ido da ido kamar faifai. Da muka hau kwalta a Gazawa, shugaban tafiyarmu na ranar ya ce a ƙara mai, mu yi magariba a Agye. Muka waiwaya muka ga Na-Baya yana gyara ɗaurin jakarsa. Ya ɗaga mana hannu ya faɗi abin da ya saba faɗi.

Mun isa Agye ana kiran salla. Muna alwala tela ya ce bai ga fitilarsa ba. Ɗayanmu ya ce, "Halinsa ne, ya tsaya taimakon wani." Muka yi salla. Muka fito muka zauna wurin mai shayi, har aka haɗa masa nasa aka rufe da murfi. Wannan zama shi ne abin da har yau yake hana wasunmu barci. Shekara ashirin ya saba mana da cewa jinkirinsa alheri ne yake yi wa wani, har ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa wata rana shi ne zai buƙaci a koma a duba ba. Sai da shayin ya huce muka kira wayarsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A kira na uku muka ji muryar yaro yana cewa, "Mai wayar nan ya faɗi."

Abin da muka tattara daga baya shi ne, wani amalanken shanu ɗauke da kara ya hau kwalta daga gona, babu fitila babu wata alama, a daidai lokacin da babbar mota ta taho daga gaba ta haske masa ido. Ya kauce wa amalanken, tayarsa ta faɗa inda bakin kwalta ya zaizaye, ya kife, kansa ya bugi ƙasa. Ba gudu yake yi ba; madubi ɗaya da fitila kawai suka fashe a jikin babur ɗin. Yaron da ke korar shanun bai fi shekara goma sha biyu ba. Bai gudu ba. Ya cire bargonsa ya lulluɓe shi, ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga wa motoci hannu cikin duhu da sanyi, har Allah ya kawo wanda ya tsaya. Mun iso ana sa shi a mota. Aka duba shi a Agye, aka wuce da shi asibiti a Maraɗi, ma'aikata suka yi iya ƙoƙarinsu. Bai farfaɗo ba. A dare na biyu, gab da asuba, Allah ya karɓi abinsa.

Bahaushe yana cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A maƙabarta wani dattijo da ya zo daga ƙauye ya dube mu ya ce, "To, yau Na-Baya ya yi gaba." Babu wanda ya iya amsa masa. Mahaifin yaron mai amalanke ya zo ta'aziyya yana rawar jiki, uwargidan marigayi ta aiko daga cikin gida a gaya masa ba ta riƙe ɗansa da komai ba, a kuma gode wa yaron saboda bargon.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba, ko da yake faɗarsa da nauyi. Yana da hular kwano. A ranar tana ɗaure a kan jakarsa, ya naɗa rawani saboda sanyi. Namu ma duk haka suke, wasu a rataye a hannun babur, wasu a gida. Uzurorinmu kun san su, domin naku ne: zafi, da nauyi, da cewa ba a shiga taron ɗaurin aure da kwano a ka, hular saƙa za ta lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi kowace asara. Hukumar ta ce hular kwano mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Mutumin da bai taɓa fita ba tare da fulogi na biyu ba, a nan kaɗai ya yi sakaci, mu kuma da muke cin moriyar tsantseninsa ba mu taɓa ce masa uffan ba, domin mun fi shi laifi.

Mun kai kukanmu wurin limaminmu. Ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mumini ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza ba ta faru ba. Da-na-sani ƙeya ce. Amma ya ƙara da cewa kada mu mayar da wannan mafaka, ya tuna mana labarin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya ce abin da ya wuce an rubuta, wanda ke gabanmu kuwa za a tambaye mu.

Littafin bashi da babur

Bayan kwana bakwai aka fito da wani littafin rubutu irin na ƴan makaranta, wanda marigayi ya cika da ajami. Kowane shafi sunan ƙauye ne, a ƙarƙashinsa laƙabin mai keke ko mai inji da abin da ya rage: dala ɗari, jika ɗaya, jika biyu da rabi. A shafin ƙarshe ya rubuta bashin da ake bin sa, mutum uku kacal: wani ɗan ruwa-ruwa a hanyar Ɗan Isa, da mai sayar da kayan gyara a kasuwa, da telanmu. Waɗannan aka fara biya, kamar yadda shari'a ta tsara: hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya in akwai, sannan gado.

Ya bar mahaifiya tsohuwa, da mata ɗaya, da ƴaƴa biyar, maza biyu mata uku. Uwar tana da kashi ɗaya cikin shida, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran na ƴaƴa ne, namiji rabon mata biyu. Da farko mun so mu ce a yafe wa mutanen ƙauye abin da ke cikin littafin, tunda mun san da yana raye ba zai matsa musu ba. Liman ya taka mana birki. Ya ce babba mai hankali yana iya yafe rabonsa, amma babu mai ikon yin kyauta da dukiyar maraya ƙarami, ko uwarsa ce. Muna roƙon iyaye su riƙe wannan, domin sau da yawa kunya da son a ce mun kyauta su ke sa mu yafe abin da ba namu ba.

Saboda haka muka ɗauki littafin muka bi sawunsa, Lahadi bayan Lahadi, wata uku. Ba mu taɓa cewa kowa ya biya ba. Mukan yi sallama mu faɗi rasuwar kawai. Aka biya da kuɗi, aka biya da wake da gero da zabi. A wani ƙauye kusa da Tasawa wata tsohuwa ta jawo akuya ta ce bashinsa ne. Muka duba muka ga ya soke sunanta da hannunsa tun da daɗewa, wato ya yafe tun yana raye, ba ya cikin gado. Muka gaya mata. Ta ce shi ya yafe, ita ba ta yafe wa kanta ba. Aka karɓi akuyar a matsayin kyauta ga marayu, tela ya goyo ta a gabansa har Maraɗi tana kuka.

Babur ɗin ne ya fi ba mu wahala. Uwargida tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ta aiko babbar ƴarta ta ce a fitar mata da shi daga zaure, domin autar gidan duk ta ji ƙarar babur a waje sai ta ruga ta duba ko nasu yana nan. Babban ɗan kuwa, mai shekara goma sha bakwai, ya tare mu a ƙofar gida ya ce, "Baba, ni ne babba. In ban hau na yi kabu-kabu ba, me za mu ci?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mu raina sana'ar ba, gidaje nawa take ciyarwa a Maraɗi da Damagaram da halali? Amma yaron yini biyu ya yi yana koyon tuƙi a filin ƙwallo, ba shi da takarda, uwarsa ta ce ba za ta iya jiran wani a ƙofa da dare ba kuma, sannan babur ɗin na magada bakwai ne, ba nasa shi kaɗai ba. Muka kira makanikai biyu kowa ya yi masa kuɗi daban, aka ɗauki mafi tsada, muka haɗa wa tela rance ya saya ya biya lakadan a gaban shaidu. Yaron ya yi wata guda ba ya gaishe mu. Har yanzu in maganar ta taso yakan sunkuyar da kai, mu ma kuma ba dukanmu ne muka gamsu cewa mun yi masa daidai ba.

Jakar tamfol ce aka sa a cikin rabonsa, da yardar sauran. Wani tsohon almajirin mahaifinsa ya karɓe shi yana koya masa gyara, ranar Lahadi kuma ɗayanmu yakan goya shi.

Tafiyarmu ta sauya tsari. Mutum biyu ne a ƙarshe yanzu, kowa yana ganin fitilar ɗan'uwansa. A kowane gari na gaba yakan tsaya ya ƙirga, ba a yin alwala sai an cika. Kowa da kwanonsa a ka, hular saƙa tana aljihu sai an sauka. Ɗaya daga cikin ƴan kasuwanmu yakan cika aljihu da tsofaffin faya-fayan CD, duk amalanken da muka tarar sai a roƙi mai shi a ɗaura masa biyu a baya, domin su ƙyalla in fitila ta haska su.

A fitarmu ta baya-bayan nan mun ratsa ta wani ƙauye gabas da Agye wanda labarin bai kai ba. Mun kashe injin daga nesa mun tura da ƙafa. Wata mata ta leƙo ta ƙirga mu, ta ce, "Ina mai gyaran? Yana baya?" Muka gaya mata. Ta yi salati, ta daɗe tsaye riƙe da bakin zaninta, sannan ta ce ita da ta ajiye kekenta wata biyar tana jiransa, zare yake tsinkewa. Yaron ya cire hular kwanon da ta yi masa yawa, ya kwance igiyar roba, ya sauke jakar. Ya ce, "Inna, a fito da shi nan inuwa in gani."